Abin Da Jinin Juwairiyya Ya Nuna

Litinin, 4 ga Agusta, 4:40 na yamma

Littafin nan don darasin Islamiyya na saye shi, ga shi zan buɗe shi da ƙorafi. To, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Jinin mutum ashirin da uku na auna tun makon jiya, duk masu farfaɗiyar da ke karɓar magani a asibitinmu na gidauniya. Goma sha bakwai sun fito kamar ba su taɓa haɗiyar ƙwayar ba. Bari in jera abin da nake yi, ko idona zai kama kuskuren da kaina ya kasa kamawa.

Sista Suwaiba ce ke ɗibar jinin da safe, kafin mutum ya sha maganin ranar. Ni kuma in sa kwalaben a injin juyi minti goma, jan ya kwanta a ƙasa, ruwan jinin ya taso sama, rawaya kamar man gyaɗa. Shi nake zuƙa. In ɗiga masa shaida, wato wani sinadari da muka san adadinsa, wanda aikinsa kawai ya tabbatar mana injin yana gani. In zuba abin da ke dunƙule furotin, in sake juyawa, in tace, in ɗura wa injin HPLC, mai auna yawan magani. A allon kwamfuta layi ne ke tafiya a kwance. A minti na huɗu tsinin shaida ya tashi. A minti na shida tsinin magani ya tashi, kuma tsawonsa shi ne yawan maganin da ke jikin mutum. Awo tsakanin huɗu da goma sha biyu ake so.

Shaida tana miƙewa kyam, kowane lokaci. A minti na shida kuwa sai ɗan tudu kamar kan ƙurji. Sifili da ɗigo shida. Sifili da ɗigo tara. Ɗaya.

Shekara uku ina kan injin nan. Na karanta abin da na rubuta sau biyu, ban ga kuskuren ba.

Talata, 5 ga Agusta, 1:15 na rana

Na kai wa Dakta Ikrima takardun. Shi ne shugaban asibitin, kuma bai iya karanta abu a zaune ba. A tsaye ya duba yana kaɗa biro.

"Malama Sharifa, abu biyu ne. Ko injinki, ko iyayen."

"Dakta, shaida tana fitowa daidai a dukkansu."

"To iyayen ne ke nan. Damina ce, kowa na gona, wa zai tuna da ƙwaya safe da yamma? Amma ki sake, don mu wanke injin daga zargi."

Ki sake. Kamar dai wanke-wanke ya ce in sake.

Alhamis, 7 ga Agusta, 5:30 na yamma

Na haɗa sabbin ma'aunai daga tushe. Ruwan jini marar komai, na zuba masa maganin da hannuna: ɗaya, biyu, huɗu, takwas, goma sha shida. Injin ya karanto su a jere kamar ɗalibin da ya yi hadda. Ina kan mutum na bakwai aka ɗauke wuta. Janareta ya ƙi tashi sai da aka yi minti arba'in ana lallashinsa, matsin injin ya zube, na wanke bututu na faro daga farko. Kwalbar sinadarin da injin ke aiki da shi ta kusa rabi, kuma daga Legas ake kawo ta.

Na sake. Goma sha bakwai ɗin dai, su ne goma sha bakwai ɗin.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan la'asar

Ranar kasuwa. Motocin shanu sun toshe gada, kusan awa guda na yi kafin in isa gidan Umma. Na tarar da Yaya Garzali a kan tabarma ya baje ƙafa, ya kawo mata kifi daga bakin kogi. Ya tsokane ni wai na rame, wai injin nake aure.

Umma tana cikin farin ciki kwanakin nan. Tun watan Yuni da shagon maganin Yaya ya samu aikin kawo wa asibitinmu kaya, duk wanda ya shigo gidan sai ta ba shi labari. Yau ma ta ce, "Ɗaya yana kawo magani, ɗaya tana auna shi. Ni kam Allah ya gama mini komai."

Muka yi dariya. Na ci kifi da yawa. Rabona da in manta da minti na shida tun makon jiya.

Litinin, 11 ga Agusta, 2:00 na rana

Ranar karɓar magani. Dakta ya tara iyaye a rumfa ya yi musu faɗa. Ya ce jini ba ya ƙarya, ya ce muna da injin da ke nuna wanda ya sha da wanda bai sha ba, har ya nuna tagar ɗakina. Da na san da aikina zai zage su, da ban tsaya a bakin ƙofa ba.

Kowa ya sunkuyar da kai sai mace ɗaya. Hansai sunanta, daga Achika, 'yarta Juwairiyya shekararta goma sha uku. Na san sunan yarinyar, ita ce sifili da ɗigo shida. Matar ta kwance bakin zaninta ta zazzage fankunan ƙwaya a kan benci, duk a huhhuje.

"Likita, ƙirga. Ni ban yi boko ba, amma na san asuba na san magariba. Shekara biyu yarinyar nan ba ta faɗi ba. Wata biyun nan sau biyar ke nan."

Dakta ya ce fanko ba shaida ba ne, kowa zai iya ɓare ƙwaya ya zubar. Ta dube shi, ta tattara fankunanta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure. Ta karɓi na wata guda ta ja hannun yarinyar suka fita.

Na koma ɗakina. Me zan ce? Takardata ce a hannunsa.

Laraba, 13 ga Agusta, 11:20 na safe

Juwairiyya ta faɗa murhu.

Laraba, 4:50 na yamma

Tana dama koko abin ya taso mata, uwar tana bayan gida wurin awaki. Hannun dama ne, daga wuyan hannu zuwa yatsu. A kan babur aka kawo ta, an sa ta a tsakiya, hanyar Achika duk taɓo. Dakta ya ce ƙunar ba ta kai a tura ta Kano ba, za a riƙe ta a ɗakin kwanciyarmu. Ya yi aikinsa da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Amma bai kalli uwar ba ko sau ɗaya.

Na je duba su bayan an gama naɗe hannun. Hansai na zaune a ƙasa ta jingina da ƙafar gado. Muka gaisa, na yi mata ya mai jiki.

"Ke ce mai duba jinin?"

"Ni ce, Inna."

"Me kika gani?"

"Maganin kaɗan ne ƙwarai a jikinta."

"To ina yake zuwa, 'yar nan? Da hannuna nake sa mata a baki. Ina tsaye take haɗiyewa."

Ta ce uban yarinyar ya fara cewa a bar asibiti, wai iska ce, maganin Bature ya daina ci. Ita ce ta kafe.

Ina yake zuwa. Tun da na dawo ɗakin gwaji nake maimaita wannan.

Alhamis, 14 ga Agusta, 9:00 na safe

Mun yi shawara da Sista Suwaiba. Tunda yarinyar tana hannunmu, Suwaiba ce za ta riƙa ba ta ƙwayar safe da yamma, ta duba ƙarƙashin harshe, ta rubuta lokaci. Kwana bakwai, sannan a ɗebi jini. In ya tashi, Dakta ya yi gaskiya. In bai tashi ba, sai a ƙyale matar nan ta huta.

Dakta ya ce ɓata sinadari ne, amma ya sa hannu.

Asabar, 16 ga Agusta, 3:00 na rana

Ruwa tun safe. Ban je Islamiyya ba. Ban yi komai ba.

Talata, 19 ga Agusta, 12:30 na rana

Abin ya sake taso wa Juwairiyya a kan gado, a gaban Suwaiba, awa uku bayan ta ba ta ƙwayar. Sai da aka yi mata allura. Naɗin hannun ya kwance, aka sake.

Dakta ya ce wataƙila jikin yarinyar ne ke ƙona maganin da sauri. Na ce da na mutum goma sha bakwai, a wata ɗaya? Ya ce, "Malama Sharifa, ke dai ki auna." Wannan kalmar ma na gaji da ita. Ke dai ki auna.

Alhamis, 21 ga Agusta, 1:40 na rana

Kwana bakwai, ƙwaya goma sha huɗu, duk a gaban ma'aikaciya. Na juya jinin da kaina, na raba shi biyu, na ɗura sau biyu.

Sifili da ɗigo bakwai. Sifili da ɗigo bakwai.

Ba uwar ba ce. Ba injin ba ne.

Alhamis, bayan la'asar

Na daina kallon goma sha bakwai ɗin, na ɗauko katunan mutum shida da jininsu ya fito daidai. Biyu 'yan Ɗankaza, uku 'yan Indabo ta can ciki, ɗaya ɗan kasuwa mai yawan tafiya. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: saboda nisa, a watan Mayu aka ba su na wata uku a dunƙule. Har ranar da aka ɗebi jininsu tsohon kaya suke sha.

Sauran duk daga Yuni suka fara karɓar sabo.

Na san abin da ya canja a Yuni. Ba zan rubuta ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, 10:15 na safe

Na shiga sito na ce ina son katin ƙwaya ɗaya don gwaji. Kwalayen suna jere a kan kanta, farare tas, bugun rubutun mai kyau, babu abin da ido zai ƙi. A gefen kowanne akwai hatimi shuɗi da sa hannu. Hannun da ya cike mini fom ɗin jami'a. Hannun da ya ɗaure katifata a bayan babur ranar da ya kai ni makaranta, shekara biyu bayan rasuwar Baba.

Suwaiba ta samo mini katin tsohon kaya guda a aljihun tebur ɗinta. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta dai dube ni.

Ba zan je gidan Umma yau ba. Na ce mata mura.

Asabar, 23 ga Agusta, 2:20 na rana

Babu kowa a ɗakin gwaji yau. Na niƙa ƙwaya goma a ɗan turmin tangaran, na auna garin, na narka, na tace, na sirka shi har ya dace da ma'aunina. Haka na yi wa tsohon kayan.

A jikin kowace ƙwaya an rubuta miligiram ɗari biyu.

Tsohuwa: ɗari da casa'in da shida.

Sabuwa: ashirin da takwas.

Na sake. Na buɗe wani kwalin daban na sake. Ashirin da shida. Talatin. Sauran duk farin gari ne, ko alli ko sitaci, Allah ne masani.

Sati uku ina roƙon Allah ya nuna mini ba ni ce na yi kuskure ba. Ya nuna mini.

Na buga takardar na ninke na sa a jaka.

Lahadi, 24 ga Agusta, 5:00 na yamma

Ya kamata a sake gwadawa da sabon ma'auni. Kowane mai aikin gwaji zai ce haka. Ba a yanke hukunci da aikin yini ɗaya.

Litinin, 25 ga Agusta, 8:30 na safe

Na leƙa ɗakin kwanciya daidai lokacin da Suwaiba ke ɓare ƙwayar. Juwairiyya ta karɓa da hannun hagu, ta haɗiye, ta buɗe baki ta ɗaga harshe ba tare da an ce ta yi ba, ta saba. Har ta yi mini murmushi.

Ina tsaye. Takardar tana jakata.

Litinin, 3:00 na rana

Na haɗa sabon ma'auni, na sake. Ashirin da tara. Na san haka zai fito tun kafin in kunna injin. Sinadarin da nake kuka ya kusa ƙarewa, yau da hannuna na ɓarnatar da shi.

Talata, 26 ga Agusta, bayan azahar

Na je shagon Yaya. Yana bayan kanta yana sauraren rediyo. Ya ce yau wace rana, ya jawo mini kujera, ya tambayi murar. Muka gaisa kamar kullum, gida, yara, Safara'u matarsa. Sannan na ajiye takardar a kan kanta.

"Yaya, ƙwayar farfaɗiyar da ka kawo mana a Yuni, a ina ka saye ta?"

"A ina ake sayen magani? Kano mana."

"Wurin wa?"

Ya rage muryar rediyon.

"Ɗari biyu aka rubuta a jikinta, Yaya. Ashirin da takwas na samu."

"Da wannan injin naku da kullum kike kukan yana ba ki wahala?"

"Sau huɗu na gwada. Akwai yarinya a ɗakinmu, hannunta ya ƙone."

Ya ɗauki takardar ya juya ta, ya dubi bayanta inda babu komai. Ya tambayi wa ya gani. Na ce babu kowa. Sai na ga kafaɗarsa ta sauka, kuma wannan saukar ta fi komai yi mini ciwo.

"Ki ba ni mako ɗaya. In kwashe na siton in musanya da wasu, babu wanda zai ji."

"Waɗanda suka riga suka tafi Achika da Indabo fa? Suna cikin ɗakunan mutane. Da magaribar nan za su sha."

"Sharifa, kin san abin da za a yi mini? Kin san abin da zai samu Umma?"

"Ka sani, Yaya? Ranar da ka saya, ka sani?"

Wata mata ta shigo tana neman maganin tari. Ya miƙe ya ɗauko mata, ya yi mata bayanin cokali nawa, ya tambayi shekarun yaron, ya sake yi mata bayani. Na jira. Da ta fita sai ya fara gyara kwalabe a kan kanta, ya ba ni baya.

Na ɗauki takardata.

Laraba, 27 ga Agusta, 6:50 na safe

Umma ta kira. "Yayanki ya zo jiya. Ki biyo in gan ki kafin ki wuce aiki."

Na ce to.

Laraba, 12:10 na rana

Ban biya ba. In na zauna a gabanta na san ba zan kai wa Dakta takardar ba.

Dakta ya karanta a tsaye, ya kai rabi, ya lalubi kujera ya zauna. Ya tambayi wa ya kawo kayan, alhali ya sani. Na faɗa. Karo na farko da na furta sunan tare da abin. Ya cire tabarau ya murza ido.

Sai ya sa yatsa a saman takardar, inda injin ke buga kwanan wata da kansa.

"Wannan ranar Asabar ce."

"Eh, Dakta."

"Yau Laraba."

"Eh."

Na jira ya yi faɗa, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ki rubuta rahoton yadda abin ya faru, da kwanakin duka. Ni ma zan rubuta nawa, akwai abin da zan sa a ciki game da kaina."

Kafin azahar an rufe siton, an aika mota Kano neman wani kayan, an kira hukumar kula da magunguna. Ba zan bari ko ƙwaya ɗaya ta shiga bakin mutum ba sai ta bi ta injina. Dakta ya ce ba za a ba su cikakken awo kai tsaye ba, jikinsu ya zama kamar na wanda bai taɓa sha ba, sai an hau a hankali.

Daga yammacin Asabar zuwa safiyar yau, ƙwaya takwas Juwairiyya ta haɗiye. Na rubuta haka a rahoton. Babu wanda ya ce in rubuta.

Alhamis, 28 ga Agusta, 5:45 na yamma

Sabon kayan da aka kawo daga Kano: ɗari da casa'in da takwas.

Yini guda muna yawo ni da Suwaiba da direba, Indabo, Achika, Ɗankaza, muna karɓar na Yuni muna ba da sabo. Mota ta kafe sau biyu. Masu unguwanni sun taimaka, sun sa an yi shela. A Indabo wani dattijo ya miƙo ledar maganin ɗansa ya riƙe bakinta bai saki ba.

"Ba ku ne kuka ce mu ne ba ma ba su ba?"

Na ce mu ne, Baba, ka yi haƙuri.

"Wannan ɗin da kika kawo, wa ya ce shi ma ba gari ba ne?"

Na ce ni na auna shi da hannuna. Ya ce wancan fa, wa ya auna? Na ce babu kowa. Ya saki ledar.

Gida uku sun ƙi karɓar sabon. Sun ce sun gama da asibiti. Sai an koma.

Juma'a, 29 ga Agusta, 4:00 na yamma

Mutanen hukuma sun zo, sun kwashe kwalayen, sun ɗauki kwafin takarduna. Daga nan suka wuce can. An ce an sa wa shagon kwaɗo, an tafi da Yaya. Ranar kasuwa, a gaban kowa.

Safara'u ta turo mini saƙo, layi biyu. Na karanta na goge. Bai gogu ba.

Lahadi, 31 ga Agusta, 10:00 na safe

An sake shi jiya, dangi sun tsaya masa. Maganar ba ta ƙare ba, an ce ana neman wani mutum a Kano. Kowa a gidan da irin labarin da yake bayarwa, ni kuma babu mai ba ni ko ɗaya. A wurin maƙwabciya na ji.

Na kira Umma. Lafiya lau. Lafiya lau. Madalla. Ta ce tana da baƙi.

Ban ji muryar baƙo ba.

Litinin, 1 ga Satumba, 1:30 na rana

Dakta ya sake tara iyaye a rumfar nan. Ya ce maganin da aka ba su tun Yuni ba shi da ƙarfi, laifin ba nasu ba ne. Ya faɗa da sauri, ya juya zai shiga ofis. Hansai ta fito daga ɗakin kwanciya ta tsaya a hanyarsa.

"Likita, a gaban matan nan ka ce ɓarewa nake yi ina zubarwa."

"Na faɗa. Ban kyauta ba."

"Ƙara murya, na baya ba su ji ba."

Ya ƙara. Ya ce, "Hansai, ki yafe ni." Ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ta koma wurin 'yarta. Ita ba ta san zancen ƙwaya takwas ba. Na bi ta ciki na faɗa mata. Ta saurara har na gama, tana gyara wa yarinyar ɗankwali.

"Mai kawo maganin, ɗan'uwanki ne?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce in miƙo mata butar can.

Alhamis, 4 ga Satumba, 3:10 na rana

An ɗauke wuta sau uku. Gida ɗaya cikin ukun nan ya karɓi magani. Saura biyu.

Talata, 9 ga Satumba, 11:00 na safe

Sakamakon ɗakin gwajin hukuma ya iso. Talatin da ɗaya suka samu. Dakta ya ce wannan yabo ne ga aikina, in yi murna. Da me?

Alhamis, 11 ga Satumba, 12:40 na rana

Sati biyu a kan sabon magani. Suwaiba ta kawo jinin Juwairiyya ta ƙi fita, ta tsaya a bayana muna kallon allo. Minti na huɗu, shaida. Minti na biyar babu komai. Can sai layin ya ɗaga, ya yi ta hawa, ya yi tsini ya sauko.

Shida da ɗigo takwas.

Suwaiba ta ce Alhamdu lillahi ta fita da gudu. Kwana goma sha ɗaya yarinyar ba ta faɗi ba. Gobe za a sallame su. Ƙunar ta warke, amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe, ba sa miƙewa. Dakta ya rubuta musu takarda zuwa Kano, ya ce wataƙila aiki zai gyara. Wataƙila ya ce.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan magariba

Na je gidan Umma ba tare da na kira ba. Ta amsa sallama, ta matsa mini a tabarma, ta ci gaba da tsince shinkafa. Ta tsufa a sati biyun nan. Mun yi kusan rabin awa a kan zancen ruwa da farashin taki. Sai ga takalman Yaya a bakin ɗakin Baba, ashe yana ciki tun ɗazu.

Ya fito da buta zai yi alwala. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa ciki-ciki ya wuce. Ya yi alwalarsa a hankali, ya dawo, ya tsaya a tsakar gida yana sauke hannun riga, yana kallon bango.

"Yarinyar nan," ya ce. "Hannun."

"Ya warke, Yaya. Yatsu biyu ne ba sa miƙewa."

"Na dama?"

"Na dama."

"Shekararta nawa?"

"Sha uku."

Sa'ar 'yarsa ta fari ce. Ban faɗa ba, ba sai na faɗa ba. Ya daɗe a tsaye, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, har aka tayar da salla a masallacin layi bai motsa ba. Umma ta daina tsincewa.

Tambayar da na yi masa a shago tana bakina. Na dubi Umma, na haɗiye tambayar. Ban san ko zan taɓa jin amsar ba, kuma ban san wace amsa nake so ba.

Ya sa takalmi. A bakin zaure ya juyo, ba ni ya kalla ba.

"Umma, a zuba mata abinci. Ta rame."

An zuba. Na ci.